Daga Bakin Ganye: Yadda Ake Lissafa Zafin Duniyar Da Ta Shuɗe

A shekarar 2017 jirgin ruwan bincike na Jamus mai suna Polarstern ya haƙa ƙasan tekun Amundsen da ke yammacin Antatika. Da bututun haƙar ya nutsa mita 27 zuwa 30 a ƙarƙashin lakar teku, sai ya fito da tsohuwar ƙasar daji: saiwoyi a sarƙe, da garin fure da ƙwayoyin haihuwa na tsirrai aƙalla iri 65. Shekarun wannan ƙasa kimanin miliyan 90 ne. Rahoton da Johann Klages da abokan aikinsa suka buga a mujallar Nature a 2020 ya ce matsakaicin zafin wurin a shekara ya kai digiri 12 zuwa 13 a ma'aunin Salshiyos, a watannin zafi kuma wajen 19. A wancan zamani tsakanin dajin da ƙuryar kudancin duniya bai wuce kilomita 900 ba, ƙuryar da a yau matsakaicinta na shekara yake wajen digiri 49 ƙasa da sifili.

Kafafen yaɗa labarai sun ɗauki 12 ɗin nan suna ta yayatawa, sai ka ce wani ne ya tsaya a dajin da ma'auni a hannu. Alhali rubutattun bayanan zafi da suka game duniya daga wajen 1850 suka soma. Ƙanƙarar Antatika, wadda ta kulle kumfar tsohuwar iska a cikinta, tana iya kai mu baya aƙalla shekara 800,000. Abin da ya wuce nan sai an tambayi duwatsu, da ɓawon ƙananan halittun teku, da burbushin tsirrai. Saboda haka duk adadin da aka ce shi ne zafin wuri kaza shekara miliyan kaza da suka wuce, lissafi ne aka yi, ba awo ba. Kuma galibi akwai wani ɗan adadi a gefensa, bayan alamar ±, wanda masu rubuta kanun labarai kan yar. Ni a wurina shi ya fi cancanta a fara dubawa.

Haƙoran ganye

Ka tsinki ganyen mangwaro ka shafa bakinsa, za ka ji shi sumul. Na tsamiya da na kuka da na kaɗanya duk haka suke. Ka tsinki na darbejiya, sai ka ga ƙananan haƙora sun jeru daga gindi har tsini. A 1915 da 1916 wasu masana tsirrai biyu a Amurka, Irving Bailey da Edmund Sinnott, suka nuna cewa wannan bambanci yana bin yanayi: a ƙasashe masu zafi yawancin itatuwa bakin ganyensu sumul ne, a masu sanyi kuwa masu haƙora ke da rinjaye. Bayanin da ya fi karɓuwa shi ne, haƙoran na taimaka wa sabon ganye ya fara aiki da wuri inda lokacin tsiro gajere ne, amma suna zubar da ruwa, don haka inda ake zafi ba su da riba.

Jack Wolfe ne ya mayar da wannan lura lissafi a 1979, bayan ya yi nazarin dazuzzukan gabashin Asiya. Ya samu cewa duk lokacin da itatuwa masu sumul ɗin baki suka ƙaru da kashi 3 cikin 100, matsakaicin zafin shekara ya ƙaru da kusan digiri 1. Daga bayanansa aka fitar da ƙa'idar da har yau ake aiki da ita: kowane kashi 1 cikin 100 yana ba da digiri 0.306, sannan a ɗora 1.14 a kai. Idan rabin itatuwan wuri ne masu sumul, an samu digiri 16.4. Idan kashi 80 ne, 25.6, wato kusa da matsakaicin Kano. Idan kashi 20 ne kawai, 7.3.

Abin lura a nan: ba ganyayyaki ake ƙirgawa ba, ire-iren itatuwa ake ƙirgawa. Mai bincike zai iya fasa dutse ya sami ganye dubu, amma in duk na itace iri goma ne, to goma ke hannunsa. Nan ne ± ɗin ke shigowa. Mai sayen hatsi da ya soka hannu sau ɗaya a bakin buhu bai san abin da ke gindinsa ba, sai ya soka a wurare da yawa. Peter Wilf ya lissafa girman wannan kuskure a 1997. In iri 10 aka samu, rabi sumul rabi masu haƙora, amsar 16.4 ɗin nan tana iya kaucewa da digiri 4.8 sama ko ƙasa. In iri 30 ne, kaucewar ta dawo 2.8. In an kai 100, ta dawo 1.5. A tarin iri goma, itace ɗaya tak da aka yi kuskuren karanta bakin ganyensa, wataƙila don dutsen ya gutsure, zai motsa amsar da digiri 3. Shi ya sa masu wannan aiki ba sa son sa hannu a kan adadin da aka fitar daga ƙasa da iri 20.

Akwai kuma wata karkata da yawan samfur ba ya gyarawa. Ganye ba ya zama burbushi sai laka ta rufe shi da wuri, laka kuwa a bakin kogi da tafki da fadama take. Itatuwan bakin ruwa ba sa tsoron asarar ruwa, don haka masu haƙora sun fi yawa a cikinsu. Robyn Burnham da abokan aikinta sun gwada wannan a dajin Amazon na ƙasar Ekwado, suka buga sakamakon a 2001: itatuwan bakin kogi da tafki sun ba da zafin da ya gaza na gaskiya da digiri 2.5 zuwa 5. Ma'ana, ganyen da ya fi samun damar tsira a cikin dutse shi ne ganyen da ya fi rage zafi. Sannan ƙa'idar tana da rufi. Ko da duk itatuwan wuri sumul ne, kashi 100 cikin 100, ba za ta wuce digiri 31.7 ba, ko da kuwa wurin ya fi haka zafi. A Ostareliya ma ba ta aiki yadda take, domin itatuwan can ba su cika yin haƙora ba ko a inda ake sanyi. Wolfe da kansa ya ga waɗannan matsaloli, ya fito da wata hanya a 1993 wadda daga baya ta kai ga duba siffofi 31 na ganye, har da girma da tsini da gindi.

Ga misalin da ya nuna amfanin hanyar da iyakarta a lokaci guda. Kimanin shekara miliyan 56 da suka wuce duniya ta yi wani zafi na farat ɗaya, bayan da kabon mai ɗimbin yawa ya shiga iska. Scott Wing ya shafe sama da shekara goma yana neman ganyen wancan zamani a kwarin Bighorn da ke jihar Wayomin ta Amurka kafin ya dace. Sakamakon 2005 ya ba da kimanin digiri 16 ± 2 kafin aukuwar abin, da kimanin 20 ± 3 a cikinsa. Duba da kyau: saman na farko 18 ne, ƙasan na biyu 17. Sun shiga juna. Da bakin ganye ne kaɗai shaida, mai gardama zai iya cewa ba a tabbatar da komai ba. Abin da ya rufe bakinsa shi ne sauran shaidun. Itatuwan da suka saba zama a kwarin sun ɓace, wasu daga kudu mai nisa, ciki har da dangin wake, suka maye gurbinsu, sannan da zafin ya lafa tsofaffin suka dawo. Sinadaran da ke cikin ɓawon halittun teku, waɗanda ba ruwansu da ganye, sun nuna ƙarin digiri 5 zuwa 8 a faɗin duniya.

Ƙofofin numfashi

A bayan ganye akwai ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, ta nan yake shaƙar iskar kabon, ta nan kuma ruwa ke fita. In kabon ya yi yawa a iska, ganye kan rage ƙofofin don ya tsimi ruwa. Ian Woodward ya nuna haka a 1987 ta hanya mai sauƙi: ya ɗauko busassun ganyayyakin da aka adana a Ingila tun ƙarni na 18, ya gwada su da na zamaninsa. A itatuwa iri takwas yawan ƙofofin ya ragu da kashi 40 cikin 100 a shekara 200, daidai lokacin da kabon ya tashi daga 280 zuwa 340 cikin kowace miliyan ɗaya ta ƙwayoyin iska. Yau ya haura 420. A tsawon shekara 800,000 da ƙanƙara ta adana, tsakanin 180 da 300 yake kai-komo.

Fatar ganye tana da tauri, takan tsira a cikin dutse da ƙofofinta, har a sa ta a ƙarƙashin madubin ƙara girma a ƙirga. Ba yawan ƙofofi a kowane milimita ake ɗauka kai tsaye ba, domin ganyen inuwa da na rana sun bambanta. Ana auna ƙofofin ne da sauran ƙwayoyin fatar da ke kewaye da su, a fitar da kaso. Da wannan hanya Jennifer McElwain ta yi nazarin ganyayyakin Girinlan da Suwidin na wajen shekara miliyan 200, ta bayar da rahoto a 1999 cewa kabon ya ninka kusan sau huɗu, daga wajen 600 zuwa tsakanin 2,100 da 2,400, a daidai lokacin da halittu masu yawa suka ƙare daga doron ƙasa.

Ninkawar nan na fi yarda da ita fiye da 2,400 ɗin. Dalili shi ne ganye ba ya ci gaba da rage ƙofofi har abada. Idan kabon ya yi yawa ƙwarai, ragin sai ya zama ɗan kaɗan, har bambancin ƙofa ɗaya ko biyu a ƙirga ya koma ɗaruruwa a amsa. Kuma dole a gwada tsohon ganye da danginsa mai rai, shi ya sa ake rububin itacen ginko na ƙasar Sin, wanda kamanninsa ba su sauya sosai ba cikin miliyoyin shekaru. To amma wa ya ce ginkon jiya da na yau hali ɗaya gare su? Zato ne mai kyau, amma zato ne.

Ƙasa ma tana tafiya

A watan Fabrairun 1912 Robert Scott da mutanensa, a hanyarsu ta dawowa daga ƙuryar kudu, suka tsinci duwatsu masu hoton ganye a gefen ƙanƙarar Beardmore. Kilo 16 suka yi ta ja har inda suka mutu. Da aka duba duwatsun a 1914 sai aka ga ganyen Glossopteris, itacen da ya rayu fiye da shekara miliyan 250 da suka wuce, wanda kuma ake samun burbushinsa a Indiya da Afirka ta Kudu da Ostareliya da Kudancin Amurka. Wannan ya zama ɗaya daga manyan hujjojin cewa nahiyoyin nan a da haɗe suke.

Darasin ga mai karanta alƙaluma shi ne, samun tsiron ƙasar zafi a ƙasar sanyi ba lallai yana nufin duniya ce ta yi zafi ba. Kwal ɗin Ingila ya samu ne daga dazuzzukan fadama na shekara sama da miliyan 300, lokacin da ƙasar ke kusa da tsakiyar duniya. Ƙasar ce ta gusa. Abin da ya sa dajin tekun Amundsen ya girgiza masana shi ne, bayan an lissafa gushewar, wurin yana nan a digiri 82 kudu, inda rana ke ɓacewa wata huɗu a shekara. Wani adadi da ya fito daga wannan bincike shi ne kabon 1,120 zuwa 1,680. Wannan ba daga ganye aka ƙirgo shi ba. Kwamfuta aka ba zafin da tsirran suka nuna, aka yi ta ƙara mata kabon har ta iya samar da shi, kuma ba ta iya ba sai da aka cire ƙanƙara daga nahiyar. Lissafi ne a kan lissafi, ya kamata a riƙe shi a haka.

Garin fure da Sahara

Shaidar da ta fi kusa da mu ba ganye ba ce, garin fure ne, irin bununin da ke tashi daga kan gero idan ya yi fure. Ƙwayarsa ɗaya yawanci tsakanin kashi 1 da kashi 10 cikin 100 na milimita take, kowane dangin tsiro da irin zanensa, ɓawonta kuma ba ya ruɓewa da sauƙi. Tun 1916 Lennart von Post na Suwidin ya nuna yadda za a karanta tarihin daji daga gare shi. Ana ciro laka daga gindin tafki da bututu, a yanka ta sala-sala, a ƙirga ƙwaya 300 zuwa 500 a kowane yanki, a fitar da kason kowane tsiro. Shekarun lakar kuma ana samun su daga kabon-14, wanda rabinsa ke narkewa duk shekara 5,730, ba ya kuma aiki bayan wajen shekara 50,000.

Kaso a nan ma yana da tarko. Ciyawa iska ce ke ɗaukar garinta, don haka tana zubar da shi ba adadi, yana kuma tafiya nesa. Bagaruwa da gawo ƙwari ke yi musu wannan hidima, garinsu kaɗan ne. Kashi 2 na dangin bagaruwa a cikin laka na iya nufin itatuwa masu yawa a kewayen tafkin, kashi 60 na ciyawa kuwa bai hana a ce akwai itatuwa ba.

Tafkin Yoa da ke Ounianga a arewa maso gabashin Cadi wuri ne da ba kasafai ake samun irinsa ba. Ruwan sama a can 'yan milimita ne a shekara, rana kuma tana shanye kusan mita 6 na ruwan tafkin duk shekara, amma bai ƙafe ba saboda tsohon ruwan ƙarƙashin ƙasa na ciyar da shi. Lakarsa ta kwanta shekara-shekara ba yankewa. Stefan Kröpelin da abokan aikinsa sun karanta shekara 6,000 daga cikinta, suka buga a mujallar Science a 2008. Garin furen ya nuna ruwan sama wajen milimita 250 a shekara a farkon wannan zango, ƙasa da 150 wajen shekara 4,300 da suka wuce, ƙasa da 50 wajen 2,700, lokacin da hamadar da muka sani ta kafu.

Milimita 250 ɗin nan ya kamata a tsaya a kansa, saboda idan aka ce Sahara ta taɓa zama kore mutane kan hango kurmi. Damagaram tana samun wajen 400 a shekara, Agadas kuwa ɗari da 'yan kai. To 250 na tsakaninsu ne: filin ciyawa da itatuwa jefi-jefi, ƙasar makiyaya. Gaskiya ne a shekara 6,000 da suka wuce an riga an fara gangarowa daga ƙololuwar damshin, wanda ya soma wajen shekara 14,500 baya, ya yi ƙarfi bayan 11,000. A ƙololuwar tafkin Cadi ya kai faɗin murabba'in kilomita 350,000, kuma kwalekwalen Dufuna da wani makiyayi ya ci karo da shi yana haƙa rijiya a Yobe ta yau a 1987, mai tsawon mita 8.4 da shekaru wajen 8,000, daga wancan zamani ya fito. Babban sanadin damshin ba kabon ba ne. Juyin sandar duniya ne, wanda ke zagayowa duk shekara 21,000 ko makamancin haka, ya ƙara ƙarfin rana a arewa lokacin bazara da wajen kashi 7 cikin 100, iskar damina ta kutsa can cikin hamada.

Yaya damshin ya ƙare, a hankali ko farat ɗaya? A nan alƙaluma suka yi karo. A 2000 Peter deMenocal ya auna ƙurar da ta kwanta a gindin teku daura da Moritaniya, ya ga ta yi tsalle wajen shekara 5,500 da suka wuce, cikin 'yan ƙarnuka. Yoa ta ce a'a, tsirrai sun ɗauki sama da shekara 3,000 suna janyewa, ko da yake ruwan tafkin kansa ya koma na gishiri da sauri tsakanin 4,200 da 3,900. A Nijeriya, garin furen da Ulrich Salzmann da Martyn Waller suka ciro daga kwarurrukan da ke tsakanin tuddan yashin Manga a arewacin Yobe ya nuna kurmin fadama, har da malmo, wanda ya dawwama zuwa wajen shekara 3,300 da suka wuce kafin ya ba da wuri ga tsirran Sahel na yau. Tafkin Tila na kusa da Biu kuwa sauyi na sannu a hankali ya nuna.

Ba na ganin ɗaya daga cikinsu ƙarya yake yi. Ƙurar teku tana ba da labarin yanki mai faɗi, tana kuma iya tashi da zarar manyan tafkuna sun ƙafe gindinsu ya buɗe wa iska. Garin furen kwari yana ba da labarin abin da ke bakin kwarin, inda ruwan ƙarƙashin ƙasa zai iya riƙe malmo ɗaruruwan shekaru bayan ruwan sama ya ragu. Da Timothy Shanahan ya haɗa bayanan tafkin Bosumtwi na Gana da na sauran wurare a 2015, abin da ya fito shi ne damina ta janye ne daga arewa zuwa kudu daki-daki, arewa ta riga bushewa, kudu ta biyo baya da dubban shekaru.